Idan Famfon Zafi Ya Koma Tsiyaya: Daga Kicin Zuwa Ƙarƙashin Ƙasar Zabarmari

Zabarmari gari ne da ya san ruwan zafi. Shinkafa ce sana'arsa, kuma yawancin shinkafar da ake nomawa a kwarin Jere ba ta isa kasuwannin Maiduguri sai ta ratsa ta tukunya: a jiƙa ta, a turara ta, a shanya ta, sannan a kai ta inji. Da hunturu kuwa, lokacin da sanyin asuba kan sauko ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, sai an ɗora ruwa kafin a yi wanka ko a taɓa kwanukan da maiƙo ya daskare a jikinsu. Galibin wannan ruwa a kan murhu ake dafa shi, da itace ko gawayi.

Sai dai a sababbin gidajen da ake ginawa a ƙaramar hukumar Jere da unguwannin Maiduguri, wanda ya samu hali yakan haƙa burtsatse, ya kafa tanki a kan ƙarfe, ya liƙa hita a bango, ya ja bututu biyu zuwa kicin, ɗaya na sanyi ɗaya na zafi. Shekarar farko komai lafiya. A shekara ta biyu ko ta uku sai uwargida ta fara ƙorafi: idan ta murɗa ɓangaren sanyi ruwa na fitowa da ƙarfi, idan ta juya ɓangaren zafi sai wani siririn zare da ba ya ko wanke kumfar sabulu daga faranti. Sau da yawa maigida kan yanke hukunci nan take cewa hita ta lalace, ko kuma a sayo injin tura ruwa. Duk biyun kuɗi ne mai yawa, kuma a mafi yawan lokuta ba nan matsalar take ba.

Ƙwararren mai gyaran famfo ba ya fara da kwance hita. Bokiti yake nema da agogon waya. Ya tara bokitin lita goma a ƙarƙashin famfon, ya buɗe sanyi har ƙarshe, ya ga minti nawa zai ɗauka ya cika. Ya zubar, ya maimaita da zafi. Daga nan sai ya shiga banɗaki ya yi wa famfon can irin wannan gwajin. Wannan ɗan zagaye na minti goma yakan raba matsalar gida uku. Idan sanyi da zafi duk sun yi rauni a ko'ina cikin gidan, laifin na tanki ne ko na babban layin da ya sauko daga gare shi. Idan zafi ne kawai ya yi rauni amma a kowane famfo, to a nufi hita da bawul ɗin da ke bakinta. Idan kuwa zafin banɗaki na zuba da ƙarfi, na kicin ne kaɗai ke tsiyaya, to abin da ya toshe bai wuce taku biyu daga wurin wanke-wanken ba.

Kafin a ɗauki sifana, akwai wata ƙa'ida da ya kamata duk mai tanki ya riƙe, domin rashin saninta na jawo asarar kuɗi. Ƙarfin ruwa a bakin famfo bai dogara da girman tanki ba. Ya dogara ne da tsayin da ke tsakanin saman ruwan da ke cikin tankin da bakin famfon. Wani masanin lissafi mai suna Simon Stevin, ɗan garin Bruges da ke Beljiyam ta yau, ya bayyana wannan tun a 1586, amma har gobe za ka ga mutum ya sauke tankin lita dubu ya ɗora na lita dubu biyar a kan ƙarfen da yake na da, yana jiran ruwa ya ƙara ƙarfi. Ruwan zai daɗe bai ƙare ba, wannan gaskiya ne. Ƙarfinsa dai ba zai ƙaru ba, sai ɗan abin da tsawon sabon tankin ya ƙara.

Lissafin mai sauƙi ne. Kowace mita goma ta tsayi tana ba da abin da injiniyoyi ke kira bar ɗaya. A ɗauki gida mai hawa ɗaya, irin wanda ya fi yawa a yankin: gindin tanki mita huɗu daga ƙasa, bakin famfon kicin mita ɗaya. Idan tankin ya cika maƙil, a ce ruwan ya kai mita ɗaya da rabi a cikinsa, tazarar ta zama mita huɗu da rabi, wato bai kai rabin bar ba. Da yamma, idan ruwan ya kusa ƙarewa, sai ya sauko wajen kashi uku cikin goma na bar. Shi ya sa famfon da ke da ɗan kuzari da hantsi, bayan sola ta cika tanki, kan zama abin tausayi bayan magariba.

Yanzu a dubi famfon da aka sayo. Kawunan famfo masu hannu ɗaya, waɗanda ke gauraya zafi da sanyi, akasarinsu an ƙera su ne domin biranen da ruwan gwamnati ke shiga gida da ƙarfin bar biyu ko uku. A cikin kowannensu akwai wasu faifai biyu na tangaran masu ƙananan ramuka, suna gogar juna idan an ɗaga hannun famfon. Da yawa daga cikinsu an rubuta a kwalinsu cewa suna buƙatar aƙalla bar ɗaya. Mai saye ba ya karanta kwalin, mai kanti ba ya tambayar tsayin tanki. An haɗa famfon da ke son mita goma da tankin da ke ba da mita huɗu, tun ranar farko ruwan na fita ne da ƙyar, ko da ba a lura ba. Tsohon kan famfo na murɗawa, mai roba a ciki, wanda wasu ke rainawa saboda bai da ƙyalli, ƙofarsa ta fi faɗi kuma ya fi dacewa da irin gidajenmu.

To me ya sa zafi ne ke fara gazawa, alhali tanki ɗaya suka fito? Saboda hanyarsa ta fi nisa, ta fi ƙunci. Ruwan sanyi daga tanki sai famfo. Na zafi kuwa sai ya bi ta ƙaramin bawul na kusurwa, ya shiga siririyar tiyo mai saƙar ƙarfe, ya ture wani bawul mai sifirin da ke hana ruwa komawa baya, ya cika cikin hita, ya fito ta wata tiyon, ya yi ta lanƙwasa a cikin bango, ya sake ratsa wani bawul da wata tiyon a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, sannan ya iso. Kowace kwana da kowace ƙofa sai ta ɗebi rabonta daga ɗan ƙarfin da aka fito da shi. Shi kansa sifirin nan, ture shi kawai na cinye wani abu.

Kuma ƙuncin bututu ba ya hukunci daidai wa daida. Idan faɗin ramin ya ragu da rabi, ruwan da zai wuce ba rabi zai koma ba, zai faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Don haka ɓawon da kaurinsa bai fi farce ba, idan ya zagaye cikin tiyon da dama ramin nata bai fi kaurin fensir ba, ya isa ya mayar da famfo abin haushi.

Gyara daga baki yake farawa, a riƙa komawa baya. A bakin famfon akwai wani ɗan zobe da ake murɗewa da hannu, ko da filaya idan an naɗe shi da tsumma don kada ya karce. A cikinsa akwai 'yar rariya mai hawa biyu ko uku, aikinta ta gauraya ruwa da iska don kada ya yi fantsama. A juye ta a kan farin faranti a ƙwanƙwasa. Abin da ya zubo shi zai ba da labarin gidan. Idan rairayi ne mai laushi, mai ƙaras-ƙaras tsakanin yatsu, daga burtsatse yake. Idan jajayen ɓarɓashi ne masu ɓata yatsa, tsatsa ce, ko ta tsohon bututun ƙarfe ko ta ƙarfen da ruwan ya kwaso daga ƙasa. Idan farare ne ko ruwan toka, masu murmushewa idan an danne su da cokali, daga hita suka taho. Wani lokaci ma sai a tarar da zaren farin tef ɗin da aka naɗe mahaɗar bututu da shi, ko ɗan guntun roba da ya rage tun ranar da aka yi aikin.

A buɗe famfon ba tare da rariyar ba. Idan ruwan ya ɓarke da ƙarfi, an gama. A jiƙa rariyar cikin ruwan khal ko ruwan lemun tsami na wasu awoyi, a goge da tsohon buroshin haƙori, a mayar. Idan ta ci tsatsa, sabuwa ba ta da tsada.

Idan bai canza ba, sai a durƙusa. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda ake cusa bokitai da robobin sabulu, tiyon zafi kan lanƙwashe saboda an tura wani abu ya danne ta. Bawul ɗin kusurwa ma wani lokaci rabi aka buɗe shi tun wani tsohon gyara, aka manta. A rufe shi, a kwance tiyon daga jikin famfo, a saka bakinta cikin bokiti, a sake buɗewa. Idan ruwa ya zo da ƙarfi a nan, to toshewar na cikin kan famfon ne, a faifan tangaran ɗin nan, kuma ana sayar da su daban, sai dai a tafi kasuwa da tsohon a hannu domin girmansu ba ɗaya ba ne. Idan a bokitin ma rauni ne, a kwance tiyon daga bawul a hura ta, a leƙa ramin bawul ɗin da tocila. Mai yin wannan ya tuna ruwan zafi yake hulɗa da shi. Gara a kashe hita tun da dare, a yi aikin da safe.

Farin ɓawon nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya bambanta layin zafi da na sanyi. Kowa ya san sukari da gishiri sun fi narkewa a ruwan zafi. Sinadarin kalsiyam da ruwa ke kwasowa daga ƙasa akasin haka yake yi: da zarar ruwa ya ɗumama, iskar da ke riƙe shi a narke sai ta fice, shi kuma ya koma farar ƙasa ya manne a duk inda ya fi zafi. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin butar mai shayi ya ga wannan ɓawo. Abin yakan tsananta idan zafin ya haura digiri 60. A cikin hita, yana lulluɓe ƙarfen da ke ɗumama ruwan, ya ɓantare ya taru a gindi kamar ƙanzo a tukunya, ƙananan kuma su bi ruwa su je su maƙale a bawul da rariya. Yawansa ya danganta da rijiyar da gidan ke sha, don gidaje biyu a layi ɗaya kan iya bambanta idan zurfin burtsatsensu ba ɗaya ba ne.

A nan ne maganar ta sauka ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙasar Borno na da labari na musamman. Maiduguri da Jere na zaune a kan tarin yashi da laka da suka kwanta a kwarin tafkin Chadi tun zamanin da ba a san adadinsa da ƙidayar kakanni ba. A 1960 wasu masana biyu na hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, Barber da Jones, suka bayyana cewa ruwan da ke cikin wannan tari hawa uku ne. Na sama shi ne wanda rijiyoyi da ƙananan burtsatse ke taɓawa, kuma ruwan sama da kogin Ngadda ne ke ciyar da shi. Na tsakiya yana wajen mita 300 zuwa 400 a yankin Maiduguri. Na ƙasa ya zarce mita 500. Tsakanin na sama da na tsakiya akwai laka mai kaurin gaske da ta danne ruwan ta kulle shi.

Da aka fara huda wannan laka a shekarun 1950, sai aka ga abin mamaki. A filayen da ke gangare, arewa da gabashin Maiduguri zuwa bakin tafki, ruwa ya riƙa taso da kansa ya fito sama, babu inji babu guga. Kuma da ɗuminsa yake fitowa, domin zafin ƙasa na ƙaruwa da kimanin digiri uku a kowace mita ɗari da aka nutsa, har na wasu rijiyoyin masu zurfi kan haura digiri 40. Makiyaya da garuruwan da a da sai sun yi tafiyar yini neman ruwa da rani suka samu famfon da ba ya ɗaukewa. Aka haƙa ɗaruruwan irinsu. Da yawa ba a sa musu abin rufewa ba, ko an sa ya lalace ba a sake ba, suka yi ta kwarara dare da rana, shekara da shekaru, suna yin tafkuna a daji rana na shanyewa.

Tun a 1968 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto kan ruwan ƙarƙashin masarautun Borno da Dikwa, kuma babbar tambayar rahoton ita ce tsawon lokacin da wannan kwarara za ta ɗore. Tambayar na kan hanya. Binciken da aka yi daga baya kan shekarun ruwan ya nuna cewa na hawan tsakiya tsohon ajiya ne, ya shiga ƙasa ne wajen shekara dubu ashirin da suka wuce, lokacin da yanayin yankin ya bambanta da na yau. Daminar yanzu, wadda ba ta wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara, ba ta mayar da abin da ake ɗiba. Ƙarfin ya yi ta sauka, rijiyoyi da dama da a da ke feshi suka koma tsiyaya, wasu suka tsaya cak, sai an zura musu inji. Ƙa'idar Stevin ce dai: matakin da ruwan ke iya hawa ya sauko, ƙarfin bakin bututu ya bi shi.

Wannan tarihi yana shiga kicin ta hanya biyu. Ta farko, yashin yankin mai laushi ne ƙwarai, kuma burtsatsen da aka haƙa cikin gaggawa, ba a zuba tsakuwa yadda ya kamata ba, ba a wanke shi ya washe ba, zai yi ta aiko da rairayi cikin tanki har ƙarshen rayuwarsa. Ta biyu, ruwan wasu rijiyoyin masu zurfi na ɗauke da ƙarfe a narke. Yana fitowa garau, amma da ya sha iska a tanki sai ya yi ja ya kwanta. Maganin duka biyun ba a kan famfo yake ba. A sa matata a bututun da ke sauka daga tanki, a riƙa wanke ta, a tabbata bakin bututun ya ɗan ɗaga daga gindin tankin, a kuma zubar da ruwa a wanke tankin aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara. Matata ma ƙofa ce da ke cin ƙarfi, don haka a zaɓi babba, kuma wadda aka bari ta toshe ta fi rashinta illa.

Gidajen da ambaliyar 10 ga Satumba 2024 ta shafa suna da ƙarin dalili. Da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri da Jere, irin abin da ba a gani ba tun 1994. Laka da ƙazanta sun shiga bakin burtsatse da tankunan ƙasa. Inda aka kunna inji aka cika tanki ba tare da an fara zubar da ruwan farko har ya washe ba, wannan laka ta bi layi, kuma cikin hita ne wurin da ruwa ke tsayawa ya natsu, don haka can ta kwanta.

Akwai kuma cutar da ba ta barin ɓarɓashi a faranti. Masu gyara kan ce iska ta shiga layi. Alamarta ita ce famfo ya riƙa tari, ya tofa ruwa, ya yi shiru, ya sake tofawa. Tana faruwa ne idan tanki ya ƙare ƙaf, iska ta cika bututu, sannan aka sake cika shi. Iskar kan taru a duk inda bututu ya hau sama ya sake saukowa, kuma da yake ana rataye hita ne a saman bango, layin zafi ya fi kowane irin wannan tudu. Ruwan da ke da ƙarfin bar uku zai ture ta ya wuce. Mai kashi uku cikin goma ba zai iya ba.

Ƙarewar tanki kuwa ba baƙon abu ba ne a nan. Rashin tsaron da ya ci rayukan manoman Zabarmari a gonakin Koshebe ranar 28 ga Nuwamba 2020, shi ne wata biyu bayan haka, a Janairun 2021, ya kai ga rusa turakun babban layin wuta da ke tahowa daga Damaturu. Maiduguri da kewaye suka daɗe cikin duhu, an gyara an sake fasawa, daga bisani aka gina tashar wuta mai aiki da gas a cikin birnin aka buɗe ta a Maris 2023. A waɗannan shekaru ne jama'a da dama suka koma sola. Sola na da kirki, amma da rana take aiki, kuma a kwanakin da ƙurar hunturu ta rufe sama ta kwanta a kan faifan, ruwan da take turawa kan ragu, a daidai lokacin da ake rububin ruwan zafi. Goge faifan da tsumma mai laushi na daga cikin gyaran famfon kicin, ko da ba a saba kallonsa haka ba.

Fitar da iska ba wuya. A kashe wutar hita, a cika tanki maƙil, a cire rariyar bakin famfo, a buɗe dukkan famfunan zafi na gidan a bar su har tarin ya daina. Idan ta ƙi, mai gyara zai sassauta mahaɗar da ke bakin fitar ruwa na hita har iska ta huce ruwa ya biyo, sannan ya ɗaure. Kashe wutar nan dole ne: ƙarfen ɗumama ruwa idan aka kunna shi babu ruwa a kansa, cikin ɗan lokaci yake ƙonewa.

Idan gwaji ya nuna hitar ce, a nan hannun mai gida ya kamata ya tsaya, a kira wanda ya iya. Wuta da ruwa ne a wuri ɗaya. Zai cire wuta gaba ɗaya, ya rufe ruwa, ya zubar da na ciki, ya kwance bawul mai sifirin ya wanke ko ya canza, ya zaro ƙarfen ɗumamawa ya kankare, ya ɗauraye gindin. Abu uku ne bai kamata a yarda da su ba ko wane ne ya kawo shawarar. Kada a zuba ruwan batir don cinye ɓawo, domin yana cin ƙarfen hitar kuma wannan ruwa ne da zai taɓa kwanon abinci. Kada a ja layin zafi da farin bututun roba na ruwan sanyi, yana yin laushi idan zafi ya kai wajen digiri 60. Koren bututun da ake haɗawa da wuta shi ne na aikin, amma shi ma idan aka bar shi ya daɗe a bakin injin haɗi, narkakkiyar roba kan taru a ciki ta rage ramin, kuma wannan toshewa ce da ke ɓoye cikin bango tun ranar gini. Na uku shi ne mafi hatsari: kada a toshe bawul ɗin kariya don yana ɗiga. Ruwa na kumbura idan ya yi zafi, ɗigon nan hanyar numfashinsa ce, kuma hitar da na'urar kashe kanta ta lalace aka kuma toshe mata wannan ƙofa tana iya fashewa.

Wasu, da jin cewa zafi ke kawo ɓawo, sai su mayar da hita can ƙasa ta riƙa ba da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Wannan ma da nasa haɗarin. Ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana yaɗuwa ne a ruwan da ke tsaye tsakanin digiri 20 da 45. Shi ya sa ake ba da shawarar a tsayar da hita a wajen digiri 60, inda ƙwayar ba ta rayuwa, ɓawon kuma bai yi yawa ba. Ruwa mai wannan zafi na ƙona fata cikin daƙiƙoƙi, don haka a gidan da ke da ƙananan yara a saba da fara buɗe sanyi.

Sai bayan duk wannan ne maganar injin tura ruwa ke da ma'ana, kuma ko a nan ɗin ba shi ne zaɓin farko ba. Inji na son wuta a duk lokacin da aka buɗe famfo, yana ƙara, yana lalacewa, yana matsa wa mahaɗun da aka yi su don ƙaramin ƙarfi har su fara yoyo cikin bango, kuma idan aka sa shi a layin zafi kaɗai sai ya rinjayi sanyi, gauraya ta gagara. Idan aka ɗora shi a kan layin da ke toshe, kuɗin wuta kawai za a ƙara. Canza kan famfo zuwa mai faɗin ƙofa, da sauya siraran tiyo da masu kauri, sau da yawa kan wadatar.

Wanda yake kan gini yanzu shi ne ke da dama mafi arha. Ya ɗaga tanki mita shida ko bakwai maimakon uku ko huɗu, ya sauko da babban bututu mai inci ɗaya har kusa da inda za a rarraba, ya rage kwana-kwana, ya rataye hita kusa da kicin ba can ƙarshen gida ba. Sai dai ya tuna lita dubu na ruwa tan ɗaya ce cif, tankin lita dubu biyu tan biyu ke nan a sama da kan iyali. A ƙasa mai laka irin ta kwarin Jere, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, ƙafafun ƙarfen na buƙatar tushe mai zurfi na kankare da ƙarafan giciye, kuma a kafa su nesa da bakin masai da inda ruwan wanke-wanke ke taruwa.